Garin da Aka Ƙona Ranar Sadakar Uku

Sana'ata gyaran keken ɗinki ce, a wani ɗan shago a Unguwar Shanu. Idan na kwance keke, nakan jera kusoshinsa a faranti yadda na ciro su, na farko a hagu, na ƙarshe a dama. Haka nake yin komai. Shi ya sa da ƙanena ya sa mini wani wasa a waya, ban taɓa komai ba sai da na soma daga farkon labarin.

Wasan na intanet ne. Kowa yana da mutuminsa a ciki, ya zaɓa masa kaya da sana'a. Waɗanda kake gani suna yawo a garuruwan kuwa mutane ne kamarka, kowa da wayarsa a wani wuri. Akwai labari da ake bi babi bayan babi. Ina babi na biyu, shi tuni ya yi nisa.

"Yaya, kai ko a wasa ma sai ka bi layi kamar mai yankan kati a asibiti?" in ji shi wata rana a shagona. "Tsallake surutun nan mu tafi yaƙi."

Na ce, "Ba na yaƙin da ban san dalilinsa ba."

"To Allah ya ba ka haƙuri, Alƙali. Kafin ka gama bincike an raba ganima."

Direba ne a wata ma'aikata, yana zaune a Malali da iyalinsa. Zaman jiran oga ne ya koya masa wasan. A ciki ya gina gida a wani gari na bakin kogi, ya dasa lemo a ƙofa, ya ajiye benci. Tsarin wasan shi ne, idan mai gida ya rufe wayarsa, mutuminsa ba ya ɓacewa. Yana nan zaune a ƙofar gidansa har ya dawo. Da safe idan na buɗe shago nakan leƙa. In na same shi a kan benci, na san suna hanya da oga.

Lokaci zuwa lokaci waɗanda suka ƙirƙiro wasan sukan kawo wani babban al'amari wanda kowa zai halarta a lokaci guda, kuma sau ɗaya ake yi. Da agogon ƙasarsu suke sa lokacin. Sau da yawa yakan faɗo ana sallar Juma'a, ko ana kiran Magariba. Na yi wa ƙanena ƙorafi, ya ce, "Ai ba su san da mu ba, Yaya."

Sai aka sanar cewa wata runduna za ta zo wa garinsa. Idan 'yan wasa suka taru da yawa suka tsare ƙofa, gari zai tsira. Idan ba su taru ba, za a ƙone shi, labari ya ci gaba daga nan.

Ya ce, "Ranar ka bar kusoshinka ka zo. Ko ba ka iya faɗa ba, ka tsaya ka cike gurbi. Lemona na nan fa."

Na ce zan zo.

Bai kai ranar ba. Ciwon ciki ya kama shi a wurin aiki, aka kai shi asibiti, can ya cika. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, ni ne babba, don haka na yi abin da ake yi bi da bi: wanka, sallah, maƙabarta, sannan shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa. Ban yi kuka ba. Ban kuma ji wani abu da zan iya faɗin sunansa ba. Washegari, kafin in fita wurin zaman makoki, na buɗe wasan. Yana zaune a kan benci, ƙarƙashin lemonsa. Na tsayar da mutumina kusa da shi na ɗan lokaci, sannan na rufe.

Yaƙin ya faɗo ranar sadakar uku, da hantsi, daidai lokacin da jama'a suka fi cika. Duk wanda ya zo hannuna yake nema. "Ya haƙuri?" "Da godiya." "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." "Amin." Wayar ta soma rawa a aljihuna, wasan ne yake kiran a taru. Ta yi shiru, ta sake.

Kawunmu, ƙanin mahaifiyarmu, yana zaune a damana. Ya matso ya ce, "Wannan waya taka yunwa take ji ne? Ɗauka mana, ƙila mai gaisuwa ne daga nesa."

"Ba mai gaisuwa ba ne, Kawu."

"To kashe ta, liman zai fara addu'a."

Na kashe ta. Wanda ake wa gaisuwa ba ya tashi daga tabarma, ba ya kuma sunkuyar da kai kan waya mutane na miƙo masa hannu. Ban ma yi tunanin yin wani abu dabam ba. Aka yi addu'a, aka raba waina, aka watse.

Sai da na naɗe tabarmi, na mayar wa maƙwabta kujerunsu, sannan na kunna. An ƙone garin. Jama'a ba su taru yadda ake buƙata ba. Ko mutum ɗaya zai canza wani abu, ban sani ba. Babu bencin, babu lemon. An rubuta cewa an kwashe masu gidaje zuwa wani sansani, kuma kowa zai bayyana a can idan ya sake shigowa wasan.

Ban ce kada a ƙone gari a labari ba. Idan ba abin da ke faruwa, ba labari ke nan. Amma abin da aka shirya wa mutanen duniya duka, a yi shi fiye da sau ɗaya, a lokuta dabam-dabam, domin mutane suna da Juma'a, suna da jana'iza. Bayan haka, a bar tsohon babi yadda yake don wanda ke tafe a baya. Ni ina babi na huɗu aka ƙone garin, dalilin ƙona shi kuwa yana can gaba inda ban kai ba.

Na ci gaba da bin labarin a jere, don ban iya barin abu a tsakiya ba. A babi na biyar aka aike ni garin, in kai saƙo ga mai kwalekwale. Na je. Ba mai kwalekwale, ba mashigi, sai toka. Wasan da kansa ya rubuta cewa na kammala aikin, ya ba ni hula tukwici.

Na auna daga inda ƙofar gari take, na tsayar da mutumina inda nake jin bencin yake. Ina nan tsaye wata mata ta yi sallama, riƙe da kan keken ɗinki a hannu, ta ce yana tsinka zare. Na kifa wayar a kan tebur, na jawo faranti, na ciro kusa ta farko na ajiye a hagu.