Gaisuwar Dakta Lawal a Layin 'Yan Tsawa

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin rediyo a Landan, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Juma'a da aka tura ni jin ra'ayin masoya kiɗan rock. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kun sha jin ana ce mini Binta Mai Tsawa. To, ga asalin sunan.

A lokacin ina furodusa, wato mai tsara shiri, kuma muna da shirin al'adu da ke fita kai-tsaye duk Juma'a da yamma. Editanmu Malam Sani mutum ne mai saurin gajiya da abu ɗaya. A taron safe ya ce kullum labarin biki da tuwo muke kai wa masu sauraro, alhali muna zaune a garin da dattawa ke bin layi saboda faifai. Wata tsohuwar ƙungiyar mawaƙa, masu irin rock ɗin nan mai nauyi da ke girgiza tagogi, ta fitar da sabon kundi bayan ta daɗe shiru, kuma ranar za su sa wa masoya hannu a kan faifai a wani shago kusa da Charing Cross. Sunansu ya fi ƙarfin harshenmu, sai muka raɗa musu 'Yan Tsawa.

"Binta, je ki jiyo mana," in ji shi. "In Allah ya haɗa ki da mai jin Hausa a layin, mu sa shi live, kai-tsaye."

Kowa ya yi dariya, har da ni.

Ga wanda bai san aikin ba, jin ra'ayin jama'a yana da ƙa'ida. Ba a ɗaukar muryar mutum sai da yardarsa, kuma ana neman mai yabo da mai kushe. Idan ka yi wa mutum alkawarin sakaya sunansa, wannan amana ce, ko edita ba shi da ikon karya ta. Abin da aka naɗa ana iya yanke shi a gyara. Kai-tsaye kuwa, abin da ya fita ya fita.

Na fito daga tube, jirgin ƙasan nan na ƙarƙashin ƙasa, na tarar layi ya sha kwana. Baƙaƙen riguna ko'ina, wasu gashi har gadon baya, wasu na kan ya ƙare sai gemu. Na rungume jakata gam, don a zatona masu son kiɗan hayaniya su ma 'yan hayaniya ne. Ashe sun fi ni ladabi. Wani ƙato mai zane har wuya shi ya riƙe mini lema ina naɗar muryarsa.

Ra'ayi kuwa sai wanda ya ji. Ƙaton nan ya ce an ci amanarsa, wai sun sa fiyano a waƙa ta uku, kuma shi bai yi shekara talatin yana lalata kunnuwansa don fiyano ba. Na ce to me ya kawo shi layi? Ya dube ni kamar na yi saɓo, ya ce ai 'yan gida ne, a gida ake faɗa. Wata tsohuwa mai sanda ta ce ta saurari kundin tun asuba, ta yi kuka, maƙwabta sun buga mata bango. 'Yan mata biyu suka ce sabon mai gangar ya fi na da, nan take layin ya rabu gida biyu, ana musu ana miƙa wa juna biskit. Na samu abin da nake so, na fara shirin komawa.

Sai idona ya faɗa kan wani wando. A ƙarƙashin wata baƙar jaket ta fata, wandon shadda ne ruwan toka, ya sha guga, irin na wanda ya fito daga masallacin Juma'a. Na ɗaga kai. Dakta Lawal ne, likitan yara, shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Arewa da ke Abbey Wood. Shi ake kai wa ƙarar yaron da ya ƙi jin magana, shi ke shiga tsakanin miji da mata, in ya yi gyaran murya a taro kowa sai ya gyara zama. Ga shi rungume da faifan 'Yan Tsawa, hularsa na leƙowa daga aljihu.

Na rusuna na ce, "Baba Dakta, barka da Juma'a."

Ya rufe ido, sannan ya ce, "Binta, ba ki gan ni ba."

"Wallahi na gan ka, Baba."

Ya ja ni gefe ya yi mini bayani ƙasa-ƙasa. Tun yana ɗalibi, a wani ɗaki mai sanyi inda ba shi da kowa, maƙwabcinsa ke kunna su, kiɗan na ratso bango. Da fari ya tsane su, daga baya in bai ji su ba ba ya iya karatu. Babu wanda ya sani, ko Hajiya Mairo matarsa. Yau ma ce mata ya yi yana da meeting bayan masallaci.

"In mutanenmu suka ji, da wane ido zan yi wa ɗan wani faɗa? Cewa za su yi tsoho ya zauce."

Tausayinsa ya kama ni, amma 'yar jarida ce ni, ga abin da aka aiko ni nema tsaye a gabana. Na ce ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi aikinsa ba, zan ce wani bawan Allah ne kawai. Ya dubi makirfona. Ina ganin abin da ya ja shi, shekara da shekaru yana da ra'ayi kan mutanen nan bai taɓa faɗar sa da Hausa ba.

"Kin yi alkawari?"

"Na ɗauka, Baba."

Na kira ofis na ce na samu mai jin Hausa, Malam Sani ya ce in rantse. Da lokaci ya yi, mai gabatarwa ya miƙo mini magana, na gabatar da bawan Allah. Da farko muryarsa a shaƙe take, yana ƙoƙarin canza ta. Da na tambaye shi waƙar fiyanon nan, sai ya saki jiki. Ya ce masu kushe ba su saurara da kyau ba, mawaƙin mahaifinsa ya rasa, kuma duk wanda ya binne uba ya san akwai ranar da ihu ba ya fita. Ya ce sabon mai gangar yaro ne mai hannu, amma yana sauri kamar ana bin sa bashin numfashi, sai ya girma zai san daɗin jira. Ban taɓa jin sharhin kiɗa mai daɗin wannan ba.

Na ce, "To bawan Allah, mun gode. Ko akwai abin da za ka ƙara?"

Ku riƙe wannan tambayar, ita ce ta jawo komai. Mutumin da ya taso yana jin zaɓen gaisuwa a rediyon mahaifinsa, ka miƙa masa makirfo ka ce ya ƙara wani abu, abu ɗaya ne zai zo bakinsa.

"To, ina miƙa gaisuwa ga mahaifiyata Hajiya Kulu a Gusau, da yayana Alhaji Bala mai taya, da maiɗakina Hajiya Mairo a Abbey Wood, da dukkan 'yan ƙungiyarmu, musamman sakatare..."

Ina ɗaga masa hannu, ina taka masa ƙafa, Malam Sani na dariya ta na'urar da ke kunnena har yana tari. Sai da ya kai mutum na bakwai ko na takwas ya ga fuskata. Ya dubi makirfo, ya ce, "Innalillahi." Wannan ma ta fita.

Ba mu bar wurin ba wayarsa ta yi ƙara. Hajiya Mairo ce, ina jin muryarta. Ta ce in meeting ya ƙare ya taho da burodi, kuma baƙar rigar nan da yake ɓoyewa a but ɗin mota, wa yake tsammani ke wanke ta tun kafin a haifi autarsu?

Gida ya yi sauƙi, saura ƙungiya. Ranar Lahadi akwai taro, na je, don ni na kai shi bakin makirfo. Ya zauna a kujerarsa ya kasa ɗaga kai. Bayan addu'a, Malam Isiyaku, dattijon da ko murmushi sai da dalili, ya dogara sandarsa ya miƙe.

"Dakta, mun ji ka a rediyo, kuma raina ya ɓaci."

Kowa ya juyo yana kallonsa, ya ci gaba.

"Kiɗanka kai da kunnenka, ni ba na jin sa, ba kuma zan ji ba. Amma shekara nawa muna tare? Ka samu rediyo, duniya na saurare, ka gai da mai taya, ka gai da sakatare, ni ka tsallake ni."

Dariyar da aka yi ranar sai da mai gadin zauren ya leƙo. Hannuwa suka tashi, kowa na cewa shi ma ba a ambace shi ba. Wani matashin injiniya daga baya ya ce shi ƙorafinsa daban ne, Baba Dakta bai yi wa sabon mai gangar adalci ba. Dakta ya cire tabarau yana share ido. Ba zan ce kowa ya ji daɗi ba, akwai mutum biyu da suka ɗan ja baya da shi. Amma yaran da ake kai masa ƙara, waɗanda da sai dai su dubi ƙasa, yanzu sukan zauna su yi magana.

Abin da na koya, za ka iya sakaya sunan mutuminmu, ka canza masa murya, ka kira shi bawan Allah, amma ba za ka raba shi da mutanensa ba, da bakinsa zai lissafo su. Don haka in kun yi alkawarin sirri, ku naɗa, kada ku sa kai-tsaye. Kuma kada ku yanke wa mutum hukuncin abin da yake saurare daga ganin hularsa.

Tun daga ranar 'yan ofis suka raɗa mini Binta Mai Tsawa. Juma'ar da ta biyo, Malam Sani ya ba Dakta Lawal fili da cikakken sunansa don ya ƙarasa gaisuwa. Ya zo situdiyo da hula a kai da jaket ɗin fata a kafaɗa, kuma da Malam Isiyaku ya fara.