Robar Tukunyar Kuba

Duk wanda ya shiga benen 'yan kasuwa na Xiaobei a ƙasar Sin ya tambayi Hajiya Rekiya, da wuya a gane wa yake nufi. Amma idan ya ce Hajiya Roba, har Sinawa masu gadi za su nuna masa lungun da yatsa. Shagon nata bai fi tabarmar sallah biyu ba, kuma abu guda ne a rataye daga sama har ƙasa: zoben roba na murfin tukunyar nan mai dafa wake da tururi, wadda ke fito idan ta ɗau zafi.

'Yar Fagge ce. Bayan rasuwar mijinta Malam Illa ta fara rako wata Hajiya sarin kaya a kasuwar Shisanhang ta can ƙasar Sin, tana ɗaukar mata jaka. Hajiyar ta gaji da zirga-zirga ta zauna a gida, Rekiya kuwa ta ce ai ita yanzu ta fara. Sinancinta bai wuce gaisuwa da ciniki da faɗa ba, kuma a faɗan ta fi ƙwarewa.

Sana'ar roba ta samo ta ne daga kuskure. Wata rana ta hangi wata baƙar mata tana bi shago-shago da tsohuwar roba a hannu, kowa na ce mata "meyo", wato babu. Rekiya ta ɗauka 'yar zangon Kumasi ce, ta tare ta da "Sannu baiwar Allah, me ake nema?" Matar ta yi mata kallon rashin fahimta. Ashe daga Kuba ta zo, sunanta Odalis. Da guntun Turanci da nuni da hannu ta bayyana cewa a ƙasarsu kusan kowane gida da irin wannan tukunya, wasu sun girmi masu su, kuma saboda takunkumin cinikin da Amurka ta sa wa gwamnatinsu ta gurguzu, samun sabuwa sai mai hali. Roba na tsagewa, wake ya ƙi nuna.

Rekiya ta karɓi tsohuwar robar ta shiga yawo, har ta dace da wani tsoho, Laoban Fung, mai ɗan ƙaramin wurin aiki a bayan gari. Shi ya ƙera mata mol, wato ƙarfen da ake zuba narkakkiyar roba a ciki ta fito daidai bakin tukunyar. Daga nan Odalis ta riƙa zuwa tana kawo 'yan'uwanta. Da wannan roba Rekiya ta aurar da 'ya'yanta mata, ta kuma kawo autanta Umar Faruƙ ya zauna da ita.

Sai ga labari a rediyo: Amurka da Kuba sun fara shiri, ana maganar cire takunkumi. Ba a cire ba tukuna, magana ce kawai, amma a kasuwa magana ta isa. Odar roba ta tsaya cak. Laoban Fung ya aiko cewa mol ɗin ya tare masa wuri, idan ba ta da aiki zai sayar wa masu narka ƙarfe. Rekiya ta san idan aka narka shi shi ke nan, don tsohon ya ce idonsa ya mutu, ba zai iya ƙera wani ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, ita da Umar Faruƙ suna cin tuwo a gidan abincin wani Banijare, sai Alhaji Shitu mai kago, wato mai yi wa 'yan kasuwa jigilar kaya zuwa gida, ya jawo kujera. Shi mutum ne da ba a taɓa yin labarin da bai riga kowa sani ba.

"Hajiya, sai haƙuri," in ji shi. "Kwantena-kwantena za a shiga da su daga Amurka, tukwane masu lantarki. Wa zai nemi robarki? Ki sakar wa yaron nan shagon ya zuba wayoyi."

Umar Faruƙ ya sunkuyar da kai, alamar da shi aka shirya zancen.

Shitu bai tsaya nan ba. Ya yi dariya ya ce, "Ko da yake na san addu'arki. Kullum kina roƙon Allah kada a cire, tunda da yunwarsu kike cin abinci."

Wannan ta yi mata zafi ƙwarai. Ta ajiye lomar da ta ɗauko, ta wanke hannu a tsanake, sannan ta juyo.

"Alhaji, ka taɓa ɗaura wa jaki takunkumi?"

"Ni ɗan birni ne, Hajiya."

"Ai na gani. Ni a wajen kakana na ga ana yi. Idan za a ratsa gonar mutane ake ɗaurawa. Ku duk kun ɗauka bakin mutanen Kuba kaɗai aka ɗaure. To manyan kamfanonin da ke tsaye a bakin gonar fa, suna haɗiyar miyau? Su ma ranar za a kwance musu. Ga kuma manyan gwamnatinsu da ke riƙe da makullin kowane rumbu. Ka ce min wa zai fara kai baki, su ko uwar Odalis?"

Shitu ya ce ai ko ina aka buɗe kasuwa arziki ne ke shiga.

"Arzikin wa? Malam Illa a masaƙa yake aiki a Sharaɗa. Da atamfar waje ta cika Kwari, mun yi murna, zani ya yi araha. Ba a daɗe ba aka sa wa masaƙar kwaɗo. Ga zani a kasuwa, ga mu ba kuɗin saye. A zaure ya ƙare rayuwarsa yana jiran a kira su. Kuma kada ka ƙara cewa ina roƙon a bar mutane da yunwa. Wallahi a cire takunkumin yau, in na ji haushi kada Allah Ya ba ni abin da nake nema."

Ta faɗa da ƙarfin rai, amma da ta kira Odalis ta wayar bidiyo washegari, sai jikinta ya yi sanyi. Matar tana ta rawa a tsakar gidansu, tana cewa za a samu magani, ɗanta zai daina zancen tsallaka teku. Da Rekiya ta yi mata zancen odar roba, sai Odalis ta daina rawa, ta ce, "Mama Rekiya, kowa jira yake yi. Wataƙila ba zan sake zuwa ba."

Rekiya ta ce Allah Ya tabbatar da alheri, kuma har zuciyarta ta faɗa. Da ta kashe wayar ta yi kuka, don ta saba da matar, kuma tsoro ya kama ta. Ita kanta ba ta san abin da zai faru ba. Ta yiwu Shitu ne da gaskiya. Abin da ta sani kawai shi ne ta taɓa ganin irin wannan rawar, har ita ma ta taka.

Ta kira Umar Faruƙ ta miƙa masa makullin shago.

"Ga shi, ka zuba wayoyinka. Amma yau kai ɗan dakona ne."

Suka tafi wajen Laoban Fung da kurar turawa. Tsohon ya nuna musu mol ɗin a gefen tarin ƙarafan da za a kwashe, ya girgiza kai yana cewa, "Kwastoma meyo, Mama." Ta ce masa ba ciniki ta zo yi ba, kayanta ta zo ɗauka. Sai da ma'aikata suka kama wa Umar Faruƙ kafin ƙarfen ya hau kura, tayoyin suna ƙara.

A bakin titi ya tsaya yana haki, gumi ya jiƙa masa riga.

"Umma, don Allah ina za mu kai wannan abu? Shagon ma kin ba ni."

"Ɗakina. Gado zan matsar."

"To idan ba su dawo ba fa?"

"In ba su dawo ba, na san sun ƙoshi, sai in yi musu murna in ɗora fitila a kai. In kuwa aka cinye gonar aka bar su da tsofaffin tukwane, za su zo nema, kuma za su tarar da ni." Ta gyara mayafi ta shige gaba. "Tura, Faruƙu, rana na yi."