Beyar Ruwa a Ranar Hutun Kayan Aiki

Shekara talatin da huɗu Nanjundappa ya yi yana wanke kwalabe a ɗakin gwaji na wata kwaleji a birnin Mysuru na Indiya. Shi ke goge maduban duba ƙananan halittu, ya jera wa ɗalibai, ya koma bakin ƙofa ya zauna. Ba a taɓa ce masa zo ka leƙa ba, shi ma bai tambaya ba.

Da ya yi ritaya, 'yarsa Suma ta saya masa waya. A intanet ya gano masu sayar da tsoffin kayan makarantu. Aka fara kawo akwatuna: ma'aunin tagulla, ƙwarangwal na roba mai hannu ɗaya, daga baya madubi irin wanda ya tsufa yana gogewa. Ya shiga wani zauren intanet na masu neman beyar ruwa, wata 'yar halitta mai ƙafa takwas da ba ta kai ƙwayar gishiri ba. Kowa a zauren ya sa hoton tasa. Shi kuwa shekara uku yana kankaro gansakuka a bangon unguwa yana jiƙawa, bai dace ba.

Sai safiyar Ayudha Puja, ranar da ake wanke kayan aiki, a shafa musu kwaɓin sandal, wani itace mai ƙamshi, a bar su su huta har wayewar gari. Ya ce bari ya ɗan duba madubin kafin a fara. Yana sa ido sai ga beyar, tana tafiya a hankali cikin ɗigon ruwa.

Ya lalubi waya, babu. Matarsa Girijamma ta riga ta kwantar da ita tsakanin keken ɗinki da wuƙaƙen girki, da fure a kanta. Ga ta kuma ta shigo da kwanon sandal.

"Baban Suma, matsa. Saura wannan."

"Girija, minti biyar. Miƙo min wayar."

"Wayar tana hutu. Kai da ka yi ritaya, su ba za ka bar su su huta yini ɗaya ba?"

Ya san ɗigon ba zai kai rana tsaka ba zai bushe, halittar ta dunƙule cikin datti, shi ke nan. Ya dubi wayar. Bai taɓa karya wannan rana ba, ko lokacin da kayan ba nasa ba ne. Ya janye hannunsa.

"To ke zo ki gani," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Ni? Dattin bango?"

"Rufe ido ɗaya. Ba wannan ba, ɗayan."

Ta ajiye kwanon, ta sunkuya tana mita. Sai mitar ta tsaya. Ta daɗe a haka, gefen zanenta na sari ya zame daga kafaɗa ba ta gyara ba.

"Kai, ji ƙiba," ta ce. "Wa ke ba ta abinci? Ta faɗi! A'a, ta tashi."

Da ta ɗago, ta ɗiga sandal a wuyan madubin, nesa da gilashi. Shi da kansa ya kashe fitilar madubin.

Washegari gilashin ya bushe. Ya jiƙa, ya duba har wuyansa ya ƙage, bai same ta ba. Ya rubuta a zaure cewa ya gani, amma ba hoto. Wani likitan haƙori daga birnin Pune ya amsa da zolaya: "Kawu, ina shaida?"

Girijamma ta karɓe wayar, ta danna wurin murya kamar yadda take wa Suma.

"Ɗana, ni ce shaida. Tana da farata, tana tafiya kamar mai ciwon gwiwa. Ƙafa shida na ƙirga."

"Takwas," in ji Nanjundappa daga bayanta.

"Shida na gani. Ka nemo wata mu sake ƙirgawa."

Ya ɗauki cokalinsa na kankaro gansakuka, ya sa takalmi.