Kwalba ta Arba'in da Ɗaya

Shekaruna tamanin da ɗaya, kuma ba na bukatar tausayin kowa. Mai shi ya kai wa iyalin ɗalibina, wanda abokan aiki ke kira Sarkin Sauro. Allah Ya karɓi ransa ranar Talata, tara ga watan jiya. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Ɗalibina, ɗana, ni na koya maka rarrabe sauro a ɗakin gwaje-gwaje: a duba fiffike, a duba zanen ƙafa, a niƙa, a zuba a kwalba, a nemi ƙwayar cutar da yake ɗauke da ita. Shekara talatin ke nan da ka kawo mini kwalba ta arba'in da ɗaya, ka ce abin da ke cikinta bai yi kama da dangin da muka sani ba. Na ce, "Ƙazantar hannunka ce. Zubar!" Ka ce, "To, Malama." Ashe can ƙasan firiza ka tura ta.

Shekara goma sha tara tana nan, har aka samu na'urar da ke karanta asalin halittar ƙwaya. Sai ga sabuwar ƙwayar cuta da babu wanda ya taɓa rubuta ta. Ka nemo danginta, ka ajiye ta a gurbinta. Da na karanta takardar binciken da ka wallafa a kanta sai da na nemi wurin zama. Abin da ido ba ya gani, a cikin sauron da ake kashewa da tafi ɗaya, ashe yana da zuri'a da 'yan uwa kamar mutane! Tsarki ya tabbata ga Mahalicci. Ka zo gidana kana dariya: "Malama, ƙazantar hannuna ta yi suna." Ban ba ka haƙuri ba. Girman kai rawanin tsiya.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa wannan ilimi ya bi ka. Allah Ya ba maiɗakinka da 'ya'yanka haƙuri.

Ka bar kwalabe ɗari biyu da ba a tantance ba, a jikinsu ka rubuta gajerun alamomin da na koya maka, waɗanda yanzu ni kaɗai ke iya karantawa. Shugaban sashen da kake aiki ya ce za a ƙone su, ana bukatar wurin. 'Yata ta ce, "Mama, da wannan gwiwar za ki koma?" Na ce mata ba da gwiwa ake karatu ba.

Tun ranar Litinin na karɓi makullin firiza, na zauna a kujerarka. Na karanta alamomin kwalabe sittin. Ba za a sake zubar da kwalbarka ina raye ba.