Naɗin Baffana a Magarya

Na taɓa halartar wani taro a Amurka inda aka karrama wani masanin kimiyyar fiziks, ɗan asalin ƙasar Sin, wanda kuma shi ne jagoran 'yan'uwansa a birnin. Aka rataya masa lambar yabo a wuya, jama'a suka miƙe suna tafi. Kowa a zauren ya san abin da ƙarfen nan yake nufi. Ni kuwa hankalina ya koma Magarya, zamanin Faransawa, lokacin ina tafinta a biro, wato ofishin kwamanda, Bafaranshen da ke mulkin yankin.

Baffana babban manomin gyaɗa ne a Dogo-Dogo. Wata shekara kwamanda ya ce za a ba shi lambar yabo ta manoma, ya tura gardi, wato dogarinsa, ya sanar da shi. Gardin ya rasa yadda zai faɗi abin da Hausa, sai ya ce, "Nasara zai naɗa ka."

A wurinmu naɗi rawani ne. Kowa ya ɗauka Sarkin Noma za a yi masa. Ranar bikin ya iso Magarya da makaɗa da rabin garinsu, ya sha sabon aski. Da aka kira shi, ya tuɓe takalmi, ya miƙa wa ƙanensa hula, ya durƙusa.

Kwamanda ya dube ni. "Ce masa ya tashi."

"Baffa, miƙe tsaye," na ce.

"Yanzu a tsaye ake naɗi, ɗana?"

Ya miƙe. Kwamanda ya maƙala masa ɗan ƙarfe mai ƙyalle a ƙirjin riga, ya sumbace shi a kumatu, ya juya. Baffa ya sake durƙusawa, kansa yana sheƙi a rana. Makaɗa suka gyara ganguna.

Baffa ya kira ni da ido. "Ina rawanin?"

"Baffa, an gama."

"Wannan maɓallin?"

"Shi ne."

Daga inuwa wani ma'aikacin biro ya ɗaga murya: "Ranka ya daɗe, Sarkin Maɓalli!" Dariyar da ake dannewa ta ɓarke. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baffa ya karɓi hularsa ya sa. "Ce wa Nasara na gode."

Na faɗa da Faransanci, idona a ƙasa.

Baffa ya sallami makaɗan, ya zauna gidana har mutane suka watse. Amma sunan ya riga shi isa Dogo-Dogo. Har ya rasu, da shi ake kiransa a bayan idonsa.