Ɗakin da Merv ya nema wa Lofty

Makonsa na farko a gidanmu Merv ya tara mana 'yan kwana-kwana. Ga murhun lantarki sabo fil a ɗakinsa, amma ya kunna tsohon rishonsa a tsakar ɗaki yana gasa haƙarƙarin rago. Ƙararrawar gobara ta ɗauka, muka fito tsakar rana kamar kaji, ni da kumfar sabulu a ka.

"Naman lantarki ba ya ɗanɗano, Beryl," in ji shi, ko kunya babu.

Na ce, "Kai da ka shekara goma kana cin abin da kanti ya zubar, yau kai ne masanin ɗanɗano?"

Ya buɗe baki zai rama, sai ga wani jibgegen ɗan kwana-kwana ya fito da rishon a hannu ɗaya, yana tauna naman da ɗayan. Ya ce gishiri ya yi yawa. Merv ya rasa risho, ya rasa nama.

Ba a kore shi ba. Gidanmu na waɗanda suka rasa matsuguni, a nan Adelaide ta Ostireliya, haka yake: a fara ba ka makulli, sauran gyara ya biyo baya. Akwai nas a ƙasa, akwai Shanelle mai kula da mu, wadda washegari ta hau ta koya masa murɗa murhu kamar ɗan yaye.

Da can aikinsa aske ulun tumaki ne a gonakin arewa, har bayansa ya ƙi miƙewa. Aiki ya tafi, matarsa ma ta tafi, shi kuma ya sauka ƙarƙashin gada a bakin kogin Torrens. A can ya haɗu da Lofty, wani dogo mai murya kamar jirgin ƙasa. Tamfol ɗaya suka raba. Da aka kwantar da Merv a asibiti, Lofty ne ya zauna a kan kayansa har ya dawo.

To, Merv ya samu ɗaki, Lofty yana gada, da gyambo a ƙafa wanda ya ƙi warkewa. Nas ta duba ta ce in ya sake cin sanyin Yuli, hunturunmu na nan, a waje, ƙafar sai yanka. Tun daga ranar Merv bai zauna ba. Kullum da safe ya ɗauki shayi a fulas ya gangara kogi da bayan nan nasa kamar lauje. Ya kai Lofty ofishin masu rabon ɗakuna, shi kuwa ya zagi kowa ya fita. Ya sake zuwa ɗaukarsa, ya tarar ya bugu. Ya kuma. Na ce masa, "Tsoho, ko budurwa ba a yi wa wannan zarya." Ya ce budurwa tana da ƙafa biyu masu lafiya, ta jira.

Sai ɗakin da ke jikin nawa ya zama babu kowa, aka ce sunan Lofty ya kai. Nan fa gida ya ɗauki zafi. Ba maƙwabtan unguwa ba ne suka tayar da ƙura, mu ne, waɗanda jiya-jiya muke shimfiɗa kwali a ƙofar shago. Noreen ce kan gaba. Tun da ta samu labule da tukunyar fulawa a taga take tafiya kamar kakanta ne ya gina benen. A taron mazauna gida ta miƙe a gaban manaja ta ce gidan nan na masu mutunci ne, mashayi zai dawo da kowa baya, kuma in aka sa shi za su yi ta kai ƙara har a fasa. Kawuna suka yi ta gyaɗawa. Manaja ya soma kame-kame, wai ko a jinkirta zuwa bazara. Bazara! Ƙafar wa za ta kai?

"Ba ƙinsa muke yi ba," in ji Noreen, tana gyara wuyan riga. "Ya daina sha tukuna, sannan ya zo."

Yanzu minsharin Lofty ne ke girgiza mini bango, da ƙafafunsa biyu cur, kuma yana sha har gobe, sai dai kwalbar ta kan kwana da saura. Abin da ya kawo shi bai wuce amsar da Merv ya bayar a wancan taron ba. Ran nan Merv ya dafa kujera ya tashi a hankali, ya dubi Noreen.

"Noreen, 'yar uwa, ranar da kika shigo gidan nan ni na riƙe miki ƙofa, don a buge kike, ƙofa biyu kike gani, kin rasa ta shiga. Da daina shanki aka jira, wa zai zauna a kujerar nan yau ya kore mana Lofty?"