Littafin Nono da Injin da Ba Ya Cewa Ya Manta

A danginmu ni ce mai riƙe da maganar nono. Ba wanda ya naɗa ni. Na dai fi kowa daɗewa, kuma idona ya ga wace ta ɗauki ɗan wace ta sa a ƙirji. Tun da kakanninmu suka zo garin nan da fatauci muke zaune a cakuɗe da maƙwabta. Mace ta tafi kasuwa, jariri ya yi kuka, wadda ke kusa ta ba shi. Bayan shekara ashirin a zo neman aure, kafin a kai goro sai an aiko an tambaye ni ko akwai nono a tsakani. In na ce akwai, magana ta mutu, wa da ƙanwa ne. In na ce babu, a sayi goro.

Maza ba su san komai ba a nan. Namiji zai faɗa maka lambar motar da ta kawo masa kaya daga Kano shekarar da aka haifi ɗansa, amma ka tambaye shi me yaron ya sha, sai ya hau kallon rufi.

Na haura sittin kafin na koyi rubutu, a wani ajin mata a unguwar Abena, bayan la'asar. Abin da ya kai ni shi ne matan da muka san waɗannan abubuwa tare duk sun tafi sun bar ni. Har 'yata ta rasu, ta bar min 'yan mata biyu na riƙe. Babbar tana aikin sakatariya, ita ta sayo wata tsohuwar kwamfuta da wani ofis ya yi gwanjonta, ƙatuwa, tana huci kamar saniya. Ta ce, "Kaka, ki zuba a nan. Takarda gara na ci, wannan ba ya mantuwa." Na yarda. Da yatsa ɗaya na riƙa dannawa, gida gida, wata huɗu.

A shafin gidanmu na yi kuskure, kuma nawa ne, ba na injin ba. Lokacin da 'yata ta kwanta asibiti da zazzaɓi, maƙwabciyarmu, wata mutuniyar Damagaram, ita ta shayar da jaririyar 'yar tawa tare da ɗanta har sati uku. Na rubuta ƙaramar ce ta sha. Bayan kwana biyu ina tsince shinkafa sai na tuna, damina ce, muna Abena, ruwa ya shigo tsakar gida har gwiwa. Ƙaramar kuwa sai da muka koma unguwar Atron aka haife ta. Babbar ce ta sha. Na wanke hannu, na je na goge, na gyara, na danna wurin ajiya yadda aka koya min. Injin ya nuna min 'yar alamarsa wai ya ajiye. Na yi hamdala na koma kan shinkafata.

To wannan ɗan maƙwabciyar shi ne ya girma ya zo neman ƙaramar. Suna son juna, yaron kirki, yana sayar da kayan babur. Uwarsa ta rasu, ubansa ya rasu, baffansa ne waliyyi, wani Alhaji mai zirga-zirga tsakanin nan da Nijar. Ya aiko da tambayar da aka saba. Da na buɗe baki na ce babu, da an gama. Amma ni yanzu malama ce. Na ce wa ɗan aiken, zamanin faɗa da baki ya wuce, a gaya wa Alhaji zan aiko a rubuce. Babbar ta buga shafin ta sa a ambulan. Ba ta karanta ba, tana sauri. Ni ma ban karanta ba, tunda ni na rubuta, me zan karanta.

Washegari Alhaji ya zo da kansa, ya zauna a zaure, ya shimfiɗa takardar a gwiwa yana shafa ta.

"Hajiya, Allah ya saka da alheri. Kin tsare mu daga haramun."

Na karɓa na sa tabarau. Ga shi ɓaro-ɓaro, ƙaramar ce ta sha. Tsohon rubutuna, ba ko ɗigo na gyaran.

"Alhaji, wannan kuskure ne. Na gyara shi."

"Ina gyaran?"

"Yana cikin injin."

Aka buɗe injin. Abin da ke takarda shi ke ciki, tsaf, ba ko kunya.

Alhaji ya yi murmushin da ake yi wa tsofaffi. "Hajiya, tausayin jika ne, mun gane. Amma ai inji ba shi da jika."

Na ce masa ya tuna da kansa, lokacin da aka haifi ƙaramar, matar wansa, uwar yaron, ba ta ma garin. Ya ce shekaru sun yi nisa. Na faɗa sau uku a zama uku. Duk lokacin sai ya ɗaga takardar ya nuna min, kamar ni ce ban san ta ba. Shekara arba'in ana karɓar maganata ba shaida. Ranar da na rubuta ta da hannuna aka ce na ruɗe, kuma da rubutun nawa aka kafa hujja.

Ƙaramar ba ta yi kuka a gabana ba. Abin da ta yi ya fi kuka. Yarinyar da kullum in ta kawo min shayi sai ta ce, "Tashi tsohuwa, ko sai an kawo kran mai ɗaga kaya ya ɗaga ki," ta koma tana ajiye kofi ta ce, "Ga shi, Kaka," da ladabi. Ladabin nan ya hana ni cin abinci. Sati biyu muna haka.

Babbar ce ta ɗauko wani mai gyara daga unguwar Butalbagar, dattijo mai furfura, uwarsa Bahaushiya ce, Hausarsa rabi Larabci. Ya buɗe cikin injin ya hure ƙura, ya kunna, ya shiga wani baƙin allo mai fararen haruffa ya daɗe yana karatu. Ya tambaye ni ranar da na yi gyaran. Na ce Laraba, kafin azahar, ranar da aka kawo shinkafa.

"Inna, ga shi. Injin nan wuri biyu gare shi. In kin rubuta abu, ba ya zuba shi a ma'aji nan take. Yana riƙewa a ka tukuna, a memwar, ya ce miki ya ajiye, sai can ya zuba."

"Wato ya ce ya ajiye bai ajiye ba."

"Na ɗan lokaci."

"Ci gaba. Na yi zama da irinsu."

"Ranar, daidai inda ya riƙe gyaranki, memwar ta taɓu. Tsufa, ga zafi. Shi kuma ya gane, don irin na manyan ofisoshi ne, yana jin in kansa ya taɓu. Sai ya zubar da shafin, wai kada ya ba ki ruɓaɓɓe. Da aka zo buɗewa, ya koma ma'aji ya ɗauko tsohon ya miƙa."

"Bai ce uffan ba?"

"Ya ce. Ya rubuta a nan." Ya nuna min layi uku na Turanci a baƙin allon.

"Wa ke karanta nan?"

"Irinmu."

"Kai kana Butalbagar."

"Ina Butalbagar."

Na ce masa wannan ba inji ba ne, ma'aikacin gwamnati ne. Ya ɓatar da takardarka, ya rubuta rahoto ya sa a aljihunsa, ya ɗauko maka ta bara ya buga hatimi ya ce mushkila ma fi, wai ba matsala. Mai gyaran ya yi dariya har da tari. Ya ce masu haɗa tsarin da ke tafiyar da injin su ma sun gane wannan ba daidai ba ne, sun sauya. A sabon tsarin, in shafi ya lalace a ka, ba a zubar da shi a ɓoye. Ana barinsa da alama, duk wanda ya zo buɗewa a ce masa wannan ya lalace, ba za a ba ka ba. Zai sa min sabon, ya canza memwar.

"Zai iya dawo da gyarana?"

"La, ba zan iya ba. Kuma ba zan ce na san abin da kika rubuta ba. Abin da zan rantse a kai, ranar Laraba kafin azahar an yi rubutu a littafin nan, injin ya zubar."

Na ce ya isa. Na ce ranar Juma'a ya ɗora saniyar injin nan a klando, wato babur ɗin haya, ya same mu gidan Alhaji.

Bayan an sauko masallaci aka kunna a zauren Alhaji. Mai gyaran ya buɗe baƙin allon. Alhaji ba ya jin Turanci ko kalma ɗaya, amma ya gyara zama ya sa tabarau ya bi layukan da yatsa. Baƙin allo ya fi farar takarda kwarjini, wannan na lura. Aka fassara masa.

"To," in ji shi, "tunda injin da kansa ya amsa."

Ni mai rai na yi sati biyu ina cewa injin ya yi ƙarya, ba a ji ba. Sai da maƙaryacin ya faɗa da bakinsa, aka gaskata shi, don shi ba ya ƙarya.

Na ce, "Alhaji, yanzu an ba ni izinin magana?"

"Haba Hajiya."

"Wa ya kai matar wanka Damagaram jinyar uwarta?"

"Ni."

"Shekara nawa ta yi?"

"Huɗu."

"Kuna can aka aiko muku an yi haihuwa a Atron. Me ka aiko da shi?"

"Turmin atamfa. Kore."

"Shuɗi. Da ta dawo, yarinyar tana gudu tana cin ƙashin kaza. Nonon ta waya aka aiko?"

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce da ma shi tun farko zuciyarsa ba ta kwanta da takardar nan ba. Mutanen zauren suka yaba masa da tsantseni.

An kai goro sati na gaba. Babbar ta ci riba, yayar amarya kuma 'yar'uwar ango ta nono, ta karɓi rabon ɓangare biyu ba kunya. Ranar da za a kai ƙaramar, ta durƙusa gabana kowa yana jiran kuka, sai ta raɗa min, "Tsohuwa, saura kaɗan iliminki ya kashe ni." Ranar na ci abinci.

Injin yana nan. Sau ɗaya tun lokacin ya ƙi buɗe min wani shafi, ya ce ya lalace. Na ce masa madalla, ka zama mutum, na ɗauko littafin fensir da na fara ajiyewa tun bayan rikicin nan na sake dannawa. Alhaji da ya ji ya ce gyaran ya ɓata injin, ai da can duk abin da ka nema yana ba ka.

Ƙaramar ta haihu bara. Watan jiya ta kwana biyu asibiti, maƙwabciyarta ta shayar da yaron. Da ƙafarta jikar tawa ta zo, ta tsaya a kaina har na rubuta, ta sa aka buga, ta miƙo min tabarau.

"Karanta da ƙarfi, Malama. Sau biyu."

Na karanta sau biyu. Ta ninke takardar ta sa a zani ta tafi da ita.